Fasta Mai Ninki Uku Don Daren Barkwanci: Abin Da Wani Shagon Zane A Kano Ya Iya, Da Inda Ya Gaza

Mai shirya wasan barkwanci na kai-tsaye, irin wanda mutum ɗaya zai hau dandamali da makirfo a hannu ya yi ta ba jama'a dariya, yana da wata matsala wadda mai tallan fim ba shi da ita. Mai fim yana iya gutsuro wani yanki na aikinsa ya nuna wa mutane, amma shi mai wasan kai-tsaye babu abin da zai gutsuro, domin wasan bai wanzu ba sai a daren da aka sa. Abin da ya rage masa shi ne takardar talla, kuma yawancin fastocin da ake mannawa a bangayen Kano suna zubo komai ne a kallo ɗaya: fuskoki biyar ko shida a cunkushe, sunayen masu ɗaukar nauyi a jere a ƙasa, da launuka masu yawa da kowanne yake neman danne ɗan'uwansa. Irin wannan fasta tana sanar da mutum cewa za a yi wasa, amma ba ta ba shi dalilin da zai sa ya yarda cewa zai yi dariya. Wannan ne ya sa ƙaramar ƙungiyarmu ta masu shirya wasanni ta nemi a yi mata fasta mai ninkewa, wadda za a miƙa wa mutum a hannu tana ƙarama, ya yi ta buɗewa har ta zama babba.

Mun kai aikin wani ƙaramin shagon zane da ɗab'i a yankin Fagge, mai kwamfutoci uku a gaba da tsohon injin buga takarda a ɗakin baya. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda ina da ƙorafi a kan wasu sassan aikin, kuma irin waɗannan shaguna suna da yawa a birnin, abin da zan faɗa a kan ɗaya zai amfani wanda zai je wani. Hukuncina tun daga farko shi ne cewa mai zanen shagon gwani ne na gaske, wanda ya fahimci abin da ninki yake yi wa mai karatu fiye da yadda mu masu aikin muka fahimta, amma ɓangaren gamawa, wato ninkewa da cika alkawarin lokaci, bai kai darajar zanen ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne cewa mai zanen bai taɓa kwamfuta ba a zamanmu na farko. Da na gama yi masa bayani, sai ya tashi ya ɗauko farar takarda babba, ya shimfiɗa a kan tebur, ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa, ya kuma ninkewa karo na uku, sannan ya miƙo mini ya ce, "Yallaɓai, buɗe ta yadda za ka buɗe idan wani ya ba ka a bakin hanya." Ina buɗewa yana bin kowace fuska da ta bayyana yana rubuta mata lamba da fensir, har da ɗan kibiya mai nuna inda sama take. Takardar girman A2 ce, wato milimita 420 a faɗi da 594 a tsawo. Ninki na farko ya mai da ita A3, na biyu A4, na uku kuma A5, mai milimita 148 da 210, wanda yake shiga aljihun babbar riga ko jakar hannu ba tare da wahala ba. Wannan tsari na girman takarda, wanda aka fara amfani da shi a Jamus a 1922 kafin ya zama ma'aunin duniya, an gina shi ne ta yadda duk lokacin da aka raba takarda biyu siffarta ba ta canzawa, shi ya sa ya dace ƙwarai da irin wannan aiki.

Da aka shimfiɗa takardar gwajin nan bayan an gama sa mata lambobi, sai lissafin ya fito fili. Fuska ɗaya gaba ɗayanta ita ce babbar fasta, wadda take ɓoye a can ciki. Ɗaya fuskar kuma ta kasu kashi huɗu waɗanda ba su yi daidai da juna ba: bango na gaba da na baya, kowanne A5, sai shafin A4 da ake gani a buɗewar farko, sai shafin A3 da ake gani a buɗewa ta biyu. Wasu daga cikin lambobin da ya rubuta sun koma a kife idan an kalli takardar a shimfiɗe, kuma wannan shi ne abin da yake kayar da masu zane da yawa, domin a allon kwamfuta dole ne a juya wasu sassan kansu ƙasa kafin su fito daidai a hannun mai karatu. A nan ne kuma ya nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Idan bangon gaba yana tsaye kamar littafi, to babbar fastar za ta ƙare ne a kwance, sai mutum ya juya takardar a hannunsa kafin ya karanta. In ana son fastar ta fito a tsaye, yadda aka saba mannawa a bango, wajibi ne bangon ya kasance a kwance, a ɗaga shi sama kamar murfin akwati. Ya ce shi ba ya son mai karatu ya tsaya juya takarda a daidai lokacin da ya kamata ya fashe da dariya, don haka muka amince bangon ya kasance a kwance.

Wannan magana ta lokacin dariya ita ce ginshiƙin duk aikin, kuma ita ce dalilin da ya sa nake ganin kuɗin zanen bai tafi a banza ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan kama a kasuwa ko a wurin biki ya san cewa gwanintarsu tana cikin jinkiri ne: ɗan kama zai ɗauko murya irin ta wa'azi, ya ja mai sauraro a hankali har ya miƙa wuya, sannan ya karkatar da zancen zuwa tuwo da miya. Masu barkwancin dandamali na zamani, waɗanda sana'arsu ta bunƙasa a Legas tun tsakiyar shekarun 1990 kafin ta yaɗu zuwa sauran birane, da wannan dabara suke aiki. Fasta ta yau da kullum ba ta da ikon jinkirta komai, amma mai ninki uku tana da hutu uku, kuma hannun mai karatu ne yake ƙayyade tsawon kowanne. Mu mun zo da niyyar cika shafukan ciki da tarihin masu wasa da hotunansu. Mai zanen ya roƙe mu mu bar su kusan fayau, mu sa jimla ɗaya kawai a kowane mataki. A bangon gaba aka rubuta, da manyan baƙaƙe a kan ruwan ɗorawa, "Kada a buɗe wannan takarda a gaban surukai." A buɗewar farko mutum zai tarar da, "An ce fa kada a buɗe." A ta biyu kuma, "To, tunda an ƙi ji," da ɗige uku a bayansa. Sai a buɗewa ta uku babban mai wasanmu ya bayyana, ya dafe kai da hannu biyu, ga suna da rana da wuri a gefensa. Tarihin masu wasa da taswirar wurin taro da lambar sayen tikiti duk aka tattara su a bangon baya, inda mai neman bayani zai same su ba tare da ya buɗe komai ba.

Ni da farko na ji tsoron yawan filin da aka bari babu rubutu, domin mai biyan kuɗin takarda yana ganin duk wurin da ba a cika ba asara ce. Amma na ga yadda mutane suka riƙa karɓar takardar a ƙofar makarantu da wuraren cin abinci, kuma da wuya ka ga wanda ya tsaya a buɗewar farko. Kunyar suruki abu ne da kowane Bahaushe ya sani tun yana yaro, saboda haka jimlar farko ba ta buƙatar wani bayani, kuma ba ta taɓa addini ko ƙabila ko wani mutum ba, abin da yake da muhimmanci ga takardar da za ta shiga gidajen mutane ta faɗa hannun yara da iyaye.

A kan babbar fastar kanta, ninki uku yana barin layuka huɗu: ɗaya a tsaye da ya ratsa tsakiya daga sama har ƙasa, da uku a kwance da suka raba tsawon gida huɗu. Al'adar masu fasta ita ce a dasa fuskar tauraro a tsakiya, amma a nan hakan yana nufin layin ninki zai bi ta kan hancinsa, kuma inda layuka biyu suka gicciye, wurin da takarda ta fi saurin lalacewa, zai iya faɗawa a kan ido ko baki. Mai zanen ya matsar da fuskar zuwa ɓangaren dama, ya daidaita ta yadda idanu da baki suka zauna cikin gida ɗaya, ya bar layin tsakiya ya bi ta kafaɗa da hannun riga inda ba za a damu da shi ba. Haka ya yi wa rana da lokaci da kuɗin shiga, kowanne ya zauna a gidansa, babu wanda ya kusanci layi da ƙasa da santimita ɗaya. Lambar QR ta sayen tikiti ma, wato murabba'in ɗige-ɗigen nan da ake karantawa da kyamarar waya, ya ƙi yarda ta hau ninki. Ya bayyana mini cewa ko da yake an ƙera irin wannan lamba, wadda kamfanin Denso Wave na Japan ya fito da ita a 1994, ta yadda za a iya karanta ta ko da wani ɓangarenta ya lalace, wannan rangwame yana da iyaka, kuma wayoyi masu raunin kyamara su ne suke fara gazawa. Ya ba ta faɗin santimita uku da farin fili kewaye da ita, kuma duk wayar da muka gwada ta karanta.

Wata dabararsa da ta cancanci yabo ta shafi ranar wasa. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, kuma mai shirya wasan nishaɗi da ya san abin da yake yi ba ya ɗaukar rana a matsayin tabbatacciya sai ya kammala da hukumomi da masu ɗakin taro. Lokacin da muka fara zanen, tamu ranar ba ta gama zama ba. Sai ya sa rana da lokaci da wuri da baƙar tawada zalla a cikin farin akwati, ya ce idan wani abu ya canza bayan an riga an fitar da farantan bugu, wato faifan ƙarfe da ake ɗaura wa inji, ɗaya ga kowane launin tawada, farantin baƙi kaɗai za a sake, sauran ukun suna nan daram. Ranar ba ta canza ba, amma irin wannan hangen nesa shi ne abin da ake biyan gwani dominsa.

A kan hoto kuwa sai da muka ɗan ja. Hoton da muka fara tura masa ta WhatsApp ya ƙi karɓa, ya ce manhajar tana matse hotuna idan ba a tura su a matsayin fayil ba, kuma abin da yake kyau a fuskar waya zai fashe idan aka shimfiɗa shi a kan takarda mai tsawon kusan santimita sittin. Don a cika A2 da ingancin da masu ɗab'i suke nema, wato ɗigo 300 a kowane inci, ana buƙatar hoto mai kimanin ɗigo 4961 a faɗi da 7016 a tsawo. Fastar bango tana iya wucewa da rabin wannan tunda daga nesa ake kallonta, amma ya tunatar da mu cewa tamu a hannu za a buɗe ta, tazarar kamu ɗaya ko biyu daga ido. Dole muka koma wurin mai ɗaukar hoto muka karɓo ainihin fayil ɗin. Ya kuma gargaɗe mu tun da wuri cewa shuɗin da muke gani yana walƙiya a allo ba zai fito haka a takarda ba, domin allo da haske yake haɗa launi, injin bugu kuma da tawada huɗu, shuɗi-shuɗi da ja-ja da ruwan ɗorawa da baƙi, kuma akwai launukan da tawada ba ta iya kaiwa gare su. Da ya buga mana samfurin gwaji, shuɗin ya yi duhu kamar yadda ya faɗa, ba mu kuma yi mamaki ba.

Ƙorafina na farko a kan haruffan Hausa ne. Salon haruffan da ya zaɓa don manyan jimlolin nan uku ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, saboda haka a zanen farko kalmar "buɗe" ta fito da ɗ siririya ta wani salo daban a tsakiyar haruffa masu kauri, abin da manhajar CorelDRAW da ire-irenta suke yi idan sun rasa harafi. Da na nuna masa, ya zauna ya zana lanƙwasar da hannunsa a kan kowane harafi har ta yi daidai da kaurin sauran, kuma sakamakon ya yi kyau sosai. Amma a ƙananan rubutun bangon baya, wanda yaron shagon ya buga, an zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, kuma da na yi magana aka ce mini ai kowa zai gane. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Waɗannan haruffa sun zauna a rubutun boko tun ƙarshen shekarun 1930, suna cikin tsarin Unicode na kwamfuta tun farkon shekarun 1990, kuma akwai salon haruffa na kyauta irin su Noto da Andika da Charis waɗanda suke ɗauke da su cif. Shagon da yake tsakiyar Kano, wanda rabin aikinsa da Hausa ne, bai kamata ya jira abokin ciniki ya roƙe shi ya rubuta harshen daidai ba. An gyara daga baya, amma sai da na bi rubutun layi-layi da kaina, aikin da nake ganin nasu ne.

Batun takarda ya zo da saɓani tsakanin abin da ido yake so da abin da ninki yake jurewa. Wasu daga cikinmu sun so takarda mai kauri, har da a rufe ta da leda mai sheƙi, don ta nuna cewa wasan na manya ne. Mai zanen da dattijon da yake kula da injin duka suka ce a'a. Takardar da aka ninke sau uku ta zama rufi takwas, kuma idan nauyinta ya kai giram 170 ko fiye a kowace murabba'in mita, ba za ta kwanta ba, za ta riƙa buɗe baki, kusurwar ciki kuma ta tattare saboda iskar da ta maƙale. Suka ba da shawarar giram 115 marar sheƙi, wadda take ninkuwa lafiya, ba ta kuma mayar da hasken fitila cikin ido idan an manna ta a shago da dare. Mun bi shawararsu, kuma a kan nauyin takarda sun yi gaskiya.

Injin da ke ɗakin baya tsohon Heidelberg ne na Jamus, samfurin Kord 64, wanda har yanzu yake riƙe da ƙananan maɗaba'u da yawa a Najeriya. Yana ɗaukar takarda har santimita 46 da 64, wato A2 tana shiga da 'yar rarar da ake bari a gefe, milimita uku a kowane ɓangare, don kada farin layi ya fito bayan an yanke. Launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda, saboda haka fuskar da take da hoto sai ta ratsa injin sau huɗu, ana wanke shi ana canza faranti da tawada a kowane zagaye. Don rage kuɗi, mai zanen ya tsara ɗaya fuskar da launi biyu kawai, baƙi da ruwan ɗorawa, sai farantan suka zama shida maimakon takwas. Na tsaya na ga dattijon yana aiki a zagayen ƙarshe. Yakan zaro takarda ɗaya daga cikin tulin, ya ɗora a kan allon da ke ƙarƙashin fitila, ya sa ɗan gilashin ƙara girma a kan 'yar alamar gicciye da ke gefen takardar, ya duba ko launuka huɗun sun hau kan juna daidai, sannan ya murɗa wani ƙaramin ƙarfe da yatsa biyu ya sake zaro wata. Da na tambaye shi, "Baba, yaya ake gane ya zauna?" sai ya miƙo mini gilashin ya ce in duba da kaina, in na ga gicciye ɗaya ya zauna, in na ga inuwa a gefensa da saura. Bugun ya fito tsaf, fatar mai wasan ba ta yi ja ba, gefen haruffa kuma babu inuwa.

Inda aikin ya sami tangarɗa shi ne bayan an sauke shi daga inji. Shagon ba shi da injin ninki, don haka matasa uku ne suka zauna a tebur suna ninkewa da hannu, suna murza kowane layi da gindin kwalba. Kafin a ninke takarda mai rufin alli wadda aka zuba wa tawada mai duhu, ya kamata a fara danna mata layi da ƙarfe marar kaifi, domin zaren takardar ya saki a wurin ba tare da rufin ya tsage ba. Ba a yi haka ba, kuma ba a gaya mana cewa akwai wannan mataki ba balle mu biya kuɗinsa. Abu biyu suka ƙara dagula lamarin. Takarda tana da hanyar da zarenta ya bi, ninkin da ya bi hanyar yana kwanciya sumul, wanda ya gicciye ta kuma yana karyewa, kuma a ninki mai gicciye irin namu babu makawa sai wani layi ya saɓa wa zaren. Sannan aikin ya faɗo a tsakiyar hunturu, lokacin da iskar Kano take bushe komai, takarda ma ta rasa ɗan danshin da yake sa ta lanƙwasu. Sakamakon shi ne farin zare siriri da ya bayyana a kan shuɗin bayan hoton, musamman a layin tsakiya da wurare ukun da layuka suka haɗu. Daga nesa ba a gani sosai, amma wanda ya buɗe a hannu zai gani. A wasu kwafe kuma baƙar tawada ta ɗan shafa a shafin da ke fuskantarta, alamar an fara ninkewa tun ba ta gama bushewa ba, kuma takarda marar sheƙi dama ta fi jinkirin shanya tawada. Mai zanen da kansa ya ce da ya san ba za a danna layi ba, da ya sa launi mai haske a bayan hoton, inda tsagewar ba za ta fito ba. Wannan ya nuna cewa gaban shagon da bayansa ba su zauna sun yi magana a kan aikin ba, kuma abokin ciniki ne ya ɗauki asarar.

Gaggawar da ta jawo shafewar tawada daga jinkiri ta samo asali. An yi mana alkawarin rana, ranar ta zo ta wuce ba a ko fitar da faranti ba, kuma ba su ne suka kira suka sanar da mu ba, sai da muka bi sawu. Na fahimci uzurinsu, domin ƙarshen shekara lokaci ne na kalandu da katunan ɗaurin aure, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, ga tsadar man janareta. Amma fastar wasa kaya ce mai ranar mutuwa, duk kwanan da ta yi a shago an rage kwanan da za ta yi tana aiki a hannun jama'a. Da an gaya mana gaskiyar layin da ke gabanmu ranar da muka ba da kafin alƙalami, da mun tsara rabonmu daidai da haka.

Game da kuɗi, ba zan kawo adadi ba tunda farashin takarda yana motsi kusan kowane wata, amma yadda aka kasa shi yana da amfani a sani. Kuɗin zane daban yake, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin duk da cewa shi ne mafi daraja. Kuɗin faranti ba ya canzawa ko kwafi ɗari za a buga ko dubu biyar, shi ya sa irin wannan inji ba ya da riba ga mai son kaɗan. Mu dubu ɗaya muka buga, kuma a wannan adadi kowace fasta ta fi ta yau da kullum tsada, saboda bugu a fuska biyu da ladan masu ninki, amma kuɗinta bai kai na fasta biyu ba. Wanda yake son ƙasa da ɗari biyu gara ya koma injin dijital, sai dai yawancin waɗannan ba sa wuce A3 da 'yar rara, don haka zai samu ninki biyu ne kawai idan yana son ta ƙare a A5, wato jimla biyu kafin hoto maimakon uku. An ba mu rasiti, an kuma ba mu fayil ɗin aikin a PDF ba tare da gardama ba, abin da ba kowane shago yake yarda da shi ba.

Akwai wani rauni da yake tattare da wannan nau'in fasta, wanda ba laifin shagon ba ne amma ya kamata su faɗa wa mai zuwa da irin buƙatarmu. Da zarar an manna ta a bango, jimloli ukun nan da bayanan bangon baya duk sun koma fuskantar siminti, layukan ninki kuma suna hana ta kwanciya sosai. Mai zanen ya kare mu daga rabin matsalar tunda ya maimaita rana da wuri da lambar tikiti a kan babbar fuskar, amma da an ware kwafi ɗari biyu an buga su fuska ɗaya ba a ninke ba, da sun fi dacewa da shagunan aski da wuraren sayar da shayi da suka yarda su manna mana, kuma da kuɗinsu ya ragu. Mai ninki ta hannu ce, ta ƙofar makaranta da teburin gidan abinci da cikin Adaidaita Sahu, inda mutum yake da 'yan daƙiƙu da hannu biyu a sake.

Zan sake kai wa wannan mai zane aiki, kuma ina ba duk mai shirya wasa shawarar ya nemi irinsa, wato wanda zai ninke farar takarda a gabansa kafin ya kunna kwamfuta. Sai dai a karo na gaba za a rubuta abubuwa huɗu a jikin rasiti kafin kuɗi su fita daga hannuna: cewa za a danna layin ninki da inji, ko da a wani shagon za a kai a yi, cewa za a bar bugun ya kwana ya bushe kafin a taɓa shi, cewa za a ba ni kwafi ɗaya a kan ainihin takardar, a ninke, in buɗe in rufe in ga ko rufin zai tsage, da kuma ranar karɓa, wadda zan sa ta rigayi ranar da nake buƙatar kayan da mako guda. Na riga na gaya wa mai shagon haka, ya ce danna layi zai ƙara kuɗi kaɗan a kan kowane ɗari, kuma akwai maƙwabcinsa mai injin da zai yi.